Gashin Ƙashi: Idan An Yi Kuskure, Wa Zai Biya?

Da wuya a sami gida a Zangon Kwatano da bai taɓa jinyar wanda zem ya kayar ba, ko dattijon da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki. Bayan an sallamo majinyaci daga asibitin CNHU, sai a tura shi wurin likitan gashin ƙashi, wanda muke kira kine. Tun shekarar 2000 ake horar da su a nan Kwatano, kuma mafi yawansu sun iya aikinsu. To, amma hannu yakan kuskure: na'urar zafi ta ƙona fata, ko a lanƙwasa gwiwar da ba ta gama haɗewa ba. Abin da muka saba shi ne mu ce ƙaddara ce, mu sake biyan wani magani, don kada a ce mun tona asirin bawan Allah.

Ƙaddara gaskiya ce, amma malaman fiƙihu ba su tsaya nan ba. Sun ɗora lamuni a kan wanda ya yi magani ba da sani ba. Gwanin da ya yi kuskure kuwa, idan diyyar ta yi nauyi, danginsa na wajen uba, wato aƙila, su ke haɗuwa su biya, don kada wanda aka cuta ya tashi a banza, kada kuma mai magani ya tsiyace. Kusan wannan gurbi inshorar sana'a ta cike a yau: likita yana zuba kuɗi duk shekara, ranar da aka kai ƙararsa sai ya sanar da kamfanin, shi zai ɗauki lauya, ya biya diyya idan laifi ya tabbata. Faransa ta wajabta ta tun 2002, Ingila tun 2014.

Sai dai a rarrabe ƙofofi biyu. Hukumar sa ido ladabtarwa take yi, ba ta biyan diyya. Wannan sai ta hanyar sulhu ko kotu. A Benin, dokar kare lafiyar jama'a ta 2021 ce ta samar da hukumar ARS mai sa ido kan harkar lafiya. 'Yan'uwanmu masu zuwa jinya Kano kuwa, hukumar MRTB da aka kafa a 1988 ce ke riƙe da rajistar masu wannan aiki a Nijeriya. Ko wacce aka nufa, takarda za ta tambaya: karnen asibiti, rasit, ranar da abin ya faru, hoton ciwon. Shi ma likitan da rubutunsa zai kare kansa.

Shawararmu, tun zaman farko a tambaye shi cikin ladabi ko yana da izinin aiki da inshora. Ba rashin kunya ba ne. Mai ɗorin unguwa dai, duk da albarkar hannunsa, ba shi da ko ɗaya. Idan ƙafa ta karkace, sai dai zaure da dattawa.