Sharhi: Hanyar Kaulaha na ƙara yi wa masu ziyara nisa

Rasuwar Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi a watan Nuwamban 2025, da binne shi da aka yi a garin Bauchi, ta zo ne a daidai lokacin da tafiya zuwa manyan wuraren ziyara na ɗarikar Tijjaniyya ke ƙara tsada da haɗari ga mabiyanta a arewacin Najeriya.

Garuruwan Birnin Kudu da Gwaram da ke kudancin jihar Jigawa na cikin wuraren da wannan sauyi ya fi shafa, domin kuwa suna tsakanin Kano da Bauchi ne, biranen da ake wa kallon cibiyoyin ɗarikar a ƙasar.

Tsohuwar alaƙa da Kano

Kafin a ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991, garuruwan biyu na cikin tsohuwar jihar Kano, kuma sun daɗe a ƙarƙashin masarautar Kano kafin su koma ta Dutse.

Hakan ya sa tarihin ɗarika a yankin ke tafiya tare da na Kano, inda Sarki Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass a aikin Hajjin 1937, ya kuma gayyace shi zuwa birnin.

Daga shekarun 1940 zuwa rasuwar Shehin a 1975, Faila ta bazu daga Kano zuwa ƙauyuka ta hannun malaman zaure da fatake, har unguwar Madina Baye da ke birnin Kaulaha na ƙasar Senegal, inda kabarinsa yake, ta zama wurin da kowane muridi ke burin takawa.

Baya ga Kaulaha akwai birnin Fas na ƙasar Maroko, inda aka binne wanda ya kafa ɗarikar, Shehu Ahmadu Tijjani, a 1815, sai kuma Ainu Madi a Aljeriya, mahaifarsa.

Wani abin lura shi ne, daga cikin sharuɗɗan shiga Tijjaniyya akwai barin ziyarar waliyyan da ba na ɗarikar ba da niyyar neman madadi. Saboda haka wuraren da muridi zai nufa ƙididdigaggu ne, kuma mafi girmansu na wajen Najeriya.

Lamarin ya sha bamban ga 'yan Ƙadiriyya. Ko da yake kabarin Shehu Abdulƙadir Jilani na Bagadaza, suna da Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno, da kuma Maukibin da ake yi duk shekara a Kano daga Gidan Ƙadiriyya zuwa maƙabartar Maigiginya.

Haɗarin hanya

Ga manomi ko ɗan tireda daga Gwaram, jirgin sama ba abin da aljihu zai ɗauka ba ne. Abin da aka saba shi ne a haɗa kuɗi bayan girbi, a ɗauki shatar mota, a ratsa Nijar da Burkina Faso da Mali, tafiyar sama da kilomita 3,000.

To sai dai wannan hanya ta bi ne ta tsakiyar yankin da ya fi fama da hare-haren masu iƙirarin jihadi a Afirka ta Yamma.

A watan Fabrairun 2023, ƙungiyar Jam'iyyatu Ansariddin Attijjaniyya ta ce an kashe 'yan Najeriya 16 a Burkina Faso kan hanyarsu ta zuwa Kaulaha, ta kuma ɗora alhakin hakan a kan sojojin ƙasar. Shugaban Najeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ya yi Allah wadai da kisan, yayin da hukumomin Wagadugu suka ce za su yi bincike.

Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyakar ƙasar da Najeriya har zuwa Maris na 2024, sannan a Janairun 2025 ƙasashen uku suka kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS, ko da yake ɓangarorin biyu sun ce jama'a za su ci gaba da zirga-zirga ba tare da biza ba.

A watan Satumban 2025 kuma ƙungiyar JNIM mai alaƙa da Alƙa'ida ta soma tare hanyoyin yammacin Mali, ciki har da ta Kayes wadda ke shiga Senegal.

Ga kuma matsalar kuɗi. Dalar Amurka da ake canzarwa kan kimanin naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023, ta haura naira 1,500 a 2024, lamarin da ya sa jakar sefa ma ta yi tsada, ban da tashin kuɗin mota bayan janye tallafin mai.

Ziyara ta dawo gida

Wannan ne ya sa tarukan cikin gida ke ƙara samun muhimmanci, musamman Maulidin Shehu Ibrahim Inyass da ake yi a watan Rajab, ana zagayawa da shi birni-birni, inda 'ya'ya da jikokin Shehin kan zo daga Senegal.

A irin wannan taro ne a Sakkwato a 2021 aka bayyana Muhammadu Sanusi na Biyu a matsayin Halifan Tijjaniyya a Najeriya, muƙamin da kakansa ya riƙe.

Sheikh Ɗahiru Bauchi, wanda suruki ne ga Shehu Inyass, ya kasance cikin jagororin wannan mauludi. Idan aka yi la'akari da yadda Fas da Kaulaha suka zama wuraren ziyara bayan rasuwar shehunnansu, ba abin mamaki ba ne Bauchi ta bi sahu.

Ga mutanen Birnin Kudu da Gwaram, tafiya ce ta 'yan sa'o'i, babu fasfo, babu canjin kuɗi.

Saɓani da nauyin da ya rage

Ba kowa ne ke kallon lamarin da ido ɗaya ba. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, na ganin ba a ɗaura niyyar tafiya don ibada sai zuwa masallatai uku, wato na Makka da Madina da Ƙudus, tana kuma gargaɗi kan wuce gona da iri a kaburbura.

Malaman ɗarika kuwa na cewa ziyarar salihai abu ne da shari'a ta yarda da shi, ba kuma wanda ya ce ta maye gurbin Hajji.

Duk yadda wannan muhawara ta kaya, akwai giɓin da ke buƙatar cikewa. Aikin Hajji na da hukumar NAHCON da hukumomin alhazai na jihohi, da rajista da likitoci, amma mai ziyara na dogaro ne da zawiyarsa da direban da ya ɗauko shi.

Kusantar wurin ziyara ba ta kawar da haɗari ba, ganin yadda ake cika motoci maƙil a lokutan mauludi.

Abin jira a gani shi ne ko shugabannin ɗarikun da gwamnatocin Jigawa da Bauchi za su zauna su tsara rajistar ayarori da lafiyar motoci da masaukin baƙi, kafin yawan masu ziyarar ya fi ƙarfin shirin da ake da shi.