Sauron da Muke Kiwo a Cikin Duro

'Yan uwa mazauna Kurmi, na Sabon Badun, na Agege da Idi-Araba a Ikko, na Shagamu, na Ama Hausa a Owerri, da sauran zango-zangonmu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne rashin lafiyar da ƙaramin ɗana ya yi a daminar bana. Zazzabi mai zafi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi har yaro ba ya iya miƙewa. Kamar yadda muka saba, sai muka ce maleriya ce, muka nufi kemis. Kwana uku yana shan magani babu sauƙi. Da muka kai shi asibiti aka gwada jini, ba a ga maleriya ba. Likita ya ce yana zargin dengi ne, sannan ya tambaye ni: "Alhaji, a ina kuke ajiye ruwa?" Da na koma gida na buɗe duron da ke bayan ɗaki, wallahi sai ga 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil a ruwan da muke alwala da shi. Yaro ya warke, alhamdu lillahi, amma abin bai bar raina ba.

Mu dai sauro ɗaya muka sani, na dare mai kawo maleriya. Amma akwai wani, baƙi mai zanen fari a ƙafafu, wanda masana ke kira Aedes. Shi ne ke ɗauko ƙwayar bairas ta shawara, da ta dengi, da cikungunya, da Zika. Da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma bayan la'asar, lokacin da gidan sauro ke naɗe a ɗaki. Kuma ba ruwansa da ƙazamar kwata sosai. Ya fi son ruwa mai kyau da ke zaune a mazubi: duro, jarka, randa, tsohuwar taya, gwangwani, kwanon shan ruwan raguna da na kaji. A jikin bangon mazubi yake manna ƙwansa, ƙwan kuwa yana iya yin watanni a bushe, ruwa na taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Cikin mako ɗaya zuwa kwana 10 ya zama sauro. Ba ya kuma tafiya nesa, don haka wanda ya ciji ɗanka da wuya ba a gidanka ko na maƙwabci aka haife shi ba.

Kada a ɗauka labarin wata ƙasa ne. A nan Badun aka fara gano ƙwayar dengi a Najeriya cikin shekarun 1960. A 1987 shawara ta yi ɓarna a garuruwan tsohuwar Jihar Oyo. Ta sake ɓulla a Kwara a 2017, ta shiga Edo a 2018, ta taɓa yankin Yankari a Bauchi a 2019, sannan Delta da Enugu a 2020. A 2023 an tabbatar da dengi a Sakkwato. Wani ɗan uwan wannan sauro ma, mai suna Aedes albopictus, wanda cinikin tsofaffin tayoyi ya yaɗa a duniya, a Delta aka gan shi a 1991.

To, mu dubi kanmu. A gida damina wata huɗu ce ko biyar, sai rani ya busar da komai. A nan ruwa na sauka tun Maris ko Afrilu har Oktoba. Ga cunkoso, ɗaki ɗaya mutum shida. Ga sana'o'inmu: mai ruwa da jarkokinsa, ɗan gwangwan da tarin robobi da ƙarafa a fili, mai faci da tayoyi jibge a bakin hanya, mai dabbobi da kwamin ruwa. Ga durorin masallatai a buɗe. Sannan muna zirga-zirga tsakanin nan da gida, Sallah ko biki, wanda ya ɗauki cutar a jininsa sai ya kai wa sauron can.

Na san wani zai ce, "Malam, famfo ba ya kawo ruwa, dole mu tara." Gaskiya ne, kuma haƙƙinmu ne mu ci gaba da matsa wa hukuma ta ba mu ruwa, ta kwashe shara. Amma murfin duro ba sai gwamna ya sa hannu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shawarata ita ce, sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin ƙungiyoyin sana'a su tsayar da safiyar Juma'a. Kowane gida ya juye mazubansa, ya goge cikinsu da soso, domin zubar da ruwa kaɗai ba ya cire ƙwan, sannan a rufe ruf. Tayoyi a huda su ko a sa su ƙarƙashin rumfa. Gwangwanaye a kife su.

Na biyu, allurar shawara. Sau ɗaya ake yi ta kare mutum har tsawon rayuwa, kuma tana cikin rigakafin da ake yi wa yara a wata 9. Bai kamata sai za mu ƙetare iyaka ne za mu tuna da katin rawaya ba. Na uku, ba kowane zazzabi ne maleriya ba. A gwada jini. Kafin a ga likita a tsaya ga parasitamol, a guji asfirin da ibuprofen, domin suna iya jawo zubar jini ga mai dengi. Idan idon mara lafiya ya yi rawaya ko yana aman jini, a garzaya asibiti, a bar jiƙe-jiƙe.

Mun baro gida neman halak ne. Kada mu bari duron da bai fi ƙarfin murfi ba ya cinye abin da muka tara, ko ya raba mu da 'ya'yanmu. Yau idan ka koma gida, ɗan uwa, leƙa duronka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare mu da zuri'armu. Wassalam.