'Yar Mowa Da 'Yar Bora Ba Su Ne Kaɗai 'Yan Uwa Ba

 Yau za mu ɗan ajiye labarinmu mai ci gaba, domin akwai wani littafi da surutun masu karatu a kansa ya hana ni yin shiru. Sunansa The Sisters of the Winter Wood, na wata marubuciya Bayahudiya mai suna Rena Rossner, ya fito a shekarar 2018.

Labarin wasu 'yan mata ne guda biyu, Liba ita ce yaya, Laya kuma ƙanwa. Suna zaune da iyayensu a bakin daji kusa da garin Dubosari, a ƙasar Moldoba ta yau, zamanin da yankin ke hannun Sarkin Rasha. Tafiyar gaggawa ta kama iyayen zuwa duba kakansu da ke kwance rai a hannun Allah, sai asirin gidan ya fito fili: uban yana rikiɗa ya zama dabbar beyar, uwar kuma farar tsuntsuwar ruwa mai dogon wuya, dangin dinya. Liba ta gado uba, Laya ta gado uwa. Ana cikin haka sai ga wasu samari baƙi masu sayar da kayan marmari sun sauka a garin, Laya ta faɗa tarkon ɗayansu, ta sha 'ya'yan itacensu, ta kamu da ciwon da ba ta iya rabuwa da su. Marubuciyar ta ɗauko wannan ne daga tsohuwar waƙar nan ta Ingila, Goblin Market, wadda Christina Rossetti ta fitar a 1862.

To, masu karatu sun rabu. Wasu sun ce kalmomin Yidish, harshen Yahudawan yankin, sun yi yawa, duk da an jera ma'anarsu a ƙarshen littafin. Wannan ƙorafin ban ɗauke shi da nauyi ba, domin mu ma Bakatsine yana karanta littafin da ke cike da Kananci bai mutu ba. Wasu kuma ba su ji daɗin yadda babin Liba yake a zube, na Laya kuma a gajerun layuka kamar waƙa ba. Ni a ganina dabara ce, yaya mai nauyi da tunani, ƙanwa mai rawar kai kamar za ta tashi sama, kowacce da irin numfashinta.

Amma ƙorafin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na masu cewa Laya ta cika wauta da son kai, wai har sun gaji da ganin Liba tana wahala a kanta. Wannan magana na san ta, domin duk marubucin da ya taɓa sa 'yan uwa biyu a littafi ya sha jin irinta: "Malama, don Allah ki hukunta ƙanwar nan!"

Ku tuna da tatsuniyar da aka raine mu da ita. 'Yar bora ta tafi wanke ƙirgi a ruwan Bagaja, ta yi ladabi, ta zaɓi ƙaramin ƙwai, ta dawo da dukiya. 'Yar mowa ta yi rashin kunya, ta zaɓi babba, ta dawo da kutare da makafi. Tun muna yara muka saba idan an ce mata biyu, to lallai ɗaya ta kirki ce ɗaya kuma a jira ranar faɗuwarta. Sai muka girma muna neman 'yar mowa a kowane littafi. Idan marubuci ya hana mu ita, sai mu ce labarin bai yi ba.

Alhali a gidajenmu ba haka abin yake ba. Wacece a cikinmu ba ta da ƙanwar da aka yi wa faɗa a kan wani saurayi ta toshe kunne? Da abin ya lalace, wa ya tashi tsakar dare ya nemo ta? Yayar nan dai da ta rantse ba ruwanta. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Liba kanta ba waliyiya ba ce, tana da nata saurayin, tana ɓoye nata sirrin, tana tsoron dabbar da ke cikin jikinta. Da marubuciyar ta mai da Laya mai hankali tun farko, da babu abin da za a gwada zumuncin da shi. Son ɗan uwa mai daɗin hali ai ba aiki ba ne.

Sannan kada mu manta da wutar da ke ci a bayan labarin. A 1903 an tsinci gawar wani yaro a Dubosari, aka yi wa Yahudawa ƙazafin kisansa, wannan ya jawo tarzoma a birnin Kishineb inda aka kashe Yahudawa kusan 49. Mutanen da ke rayuwa cikin irin wannan fargaba, maƙwabcin jiya ya zama abin tsoro yau, ba su da sararin zubar da 'yar uwa don ta yi wauta. Naka sai naka.

Saboda haka ina roƙon makarantanmu, idan kun haɗu da ƙanwa mai taurin kai a littafi, na Turanci ne ko na Hausa, ku daure ku bi ta zuwa ƙarshe kafin ku yanke mata hukunci. Mu kuma marubuta, kada tsoron ƙorafi ya sa mu riƙa raba kowane gida zuwa ɗakin mowa da ɗakin bora. Yaran da ke karanta mu suna da yayye da ƙanne, kuma daga wurinmu suke koyon yadda ake kallonsu.

Allah ya bar zumunci, ya shirya mana zuri'a. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu, in Allah ya kai mu.