Ku Faɗi Abin da Kuka Zuba a Tukunya

Akwai wata mummunar ɗabi'a da ta samu gindin zama a gidajenmu na cikin birni, ni kuwa ban ga sunan da ya dace da ita ba sai cin amana. Likita ya hana mutum alkama da duk abin da aka yi da ita har iya rayuwarsa. 'Yan gida sun ji, dangi sun ji, maƙwabta sun ji. Amma ranar da girki ya faɗo kan wata, sai ta zuba fulawa a kwaɓin ɗanwake don ya haɗe, ta ja bakinta ta tsuke. In an tambaya ta ce babu. In asiri ya tonu ta ce, “To ai ɗan kaɗan ne.” Marar lafiya ya kwana yana zarya tsakanin ɗaki da banɗaki, gari na wayewa kuma a shiga laluben wanda ya yi masa baki ko ya kama masa kurwa. Da masu wannan hali nake yau, daga nan unguwarmu ta Madabo har duk inda maganar ta kai, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ciwon da ake magana a kai likitoci na kiransa siliyak. A cikin alkama da sha'ir akwai wani sinadari mai suna gulutin, shi ke sa kwaɓin fulawa danƙo har ya tashi ya zama gurasa. Ga yawancinmu lafiyayyen abinci ne. Ga mai siliyak kuwa, da ya isa ƙaramin hanji sai garkuwar jiki ta ɗauke shi abokin gaba, ta far wa bangon hanjin, ta shafe 'yan tsirarrakin da ke tsotse amfanin abinci su kai shi jini. Daga nan mutum zai ci ya ƙoshi amma jiki bai ƙaru da komai ba. Sai gudawa, kumburin ciki, rama, ƙarancin jinin da ba ya jin magani, ƙuraje masu ƙaiƙayi a gwiwar hannu da ta ƙafa. Yaro ya tsumbure sa'o'insa su wuce shi, ƙashi ya yi rauni, mace ta yi ta ɓari. Babu ƙwaya ko allurar da ke warkar da shi. Maganinsa ɗaya ne, a raba bakin mutum da gulutin kwata-kwata. In an kiyaye hanjin yakan warke, in an karya a koma 'yar gidan jiya.

Masu cewa ai ciwon Turawa ne su saurara. Gaskiya ne ba a cika samunsa a Afirka ta Yamma ba, har wani bincike da aka yi a Burkina Faso bai samu ko mutum ɗaya ba cikin waɗanda aka gwada. Amma a duniya ana ƙiyasin kusan mutum 1 cikin 100 na ɗauke da shi, kuma adadi mafi yawa da aka taɓa gani a nan Sahara aka gan shi. A wani bincike da aka buga a 1999, likitocin Italiya sun gwada yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, mutanen da garin alkama ya zama babban abincinsu, suka sami kashi 5.6 cikin 100, kusan yaro 1 cikin 18 ke nan. Mu ma cimarmu ta sauya. Kakanninmu sun san alkama, amma abincin alfarma ce a wurinsu: alkaki da dubulan na gara, funkaso na sallah ko na baƙo, gurasa ta marmari. Yau yaro zai karya da burodi, ya ci taliya da rana, ya kwana da tuwon semo, a tsakani kuma biskit da fanke. Ko mutum ɗaya ne a unguwa Allah ya jarabta da ciwon nan, haƙƙinsa na kan duk wanda ya miƙa masa kwano.

Mu dawo kan “ɗan kaɗan”. Wanda ya gano alaƙar ciwon da alkama wani likitan yara ne ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke. Ya daɗe yana zargin burodi, sai yunwar da aka yi a ƙasarsu a hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta tabbatar masa. Burodi ya ɓace, yaran da ke da ciwon suka farfaɗo a tsakiyar yunwa, da burodi ya dawo suka sake kwantawa. Ya fitar da sakamakon bincikensa a 1950. Daga baya aka auna iyakar abin da hanji zai iya jurewa. A 2007 wani binciken Italiya ya nuna miligiram 50 na gulutin a kullum, tsawon kwana 90, ya isa ya ɓata hanjin mai siliyak. Abin da ke cikin kimanin rubu'in ƙaramin cokalin shayi na fulawa ke nan. Shi ya sa ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya da takwararta ta abinci suka shimfiɗa ba ta yarda a ce abinci ba shi da gulutin ba sai in bai wuce miligiram 20 a kilo guda ba. To ke mai zuba ludayi guda a kwaɓi, da wane ma'auni kika auna naki kaɗan ɗin? Tafasa ba ta kashe shi, suya ba ta kashe shi, ba ya kuma sauya launi ko ɗanɗano ko ƙamshin abinci balle mai ci ya farga.

Na san wani gida a nan unguwar, ba zan kama suna ba. Yarinyarsu 'yar firamare aka tabbatar tana da ciwon. Uwar ta kawar da burodi da taliya da biskit, yarinya ta murmure ta yi kumatu. Can sai gudawa ta dawo, ta ɗauke, ta sake dawowa. Wannan ya ce olsa ce, wancan ya ce iska ce, aka fara yi wa abokiyar zama kallon banza har gaisuwa ta yi wuya a tsakar gida. Uwar ba ta biye musu ba. Ta samu littafin rubutu na 'yan makaranta ta riƙa rubuta duk abin da ya shiga bakin yarinyar, da lokacinsa, da wanda ya dafa. Da shafuka suka taru sai ta lura ciwon yakan tashi ne bayan an kawo wani sabon niƙa. Rannan ta yafa mayafi ta bi almajirin da ke kai musu niƙa. A bakin inji robobi na jere. Ta gaban tata alkama ce, ana shirin alkakin biki. Mai inji ya juye ya niƙa, ya bubbuga cikin injin da tafin hannu, ya ɗaga robar geronta ya juye a kai. Garin da ya fara zubowa a robarta ragowar na wancan ne da ya maƙale a faranti. Ta ce, “Malam, ba a wanke injin ne?” Ya ce, “Hajiya, wane irin wanki? Ai duk tsaba ce.”

Mai injin nan ba ni da ta cewa a kansa, domin ba wanda ya taɓa yi masa bayani. Uwar ta koma turmi, daga baya ta sayi ƙaramin injinta, ciwon ya lafa. Amma bai ɗauke duka ba, sai da littafin ya sake tona wani asiri: duk ranar da yarinya ta je wuni gidan gwaggonta, washegari tana kwance. Da aka tsananta tambaya gwaggon ta amsa cewa takan ɓoye mata alkaki, wai tausayi take ji yara na ci tana kallo. “Haba Gwaggo,” in ji uwar, “ba a gabanki likita ya yi bayani ba?” Ta ce, “Ke dai kin cika tsirfa, guda nawa ne?” Wannan ita ce wadda nake tsawatar wa. Ta ji, ta sani, ta ba yarinya abin da ke cinye mata hanji, sannan ta zauna ana zargin baiwar Allah da ba ta ji ba ta gani ba, ba ta buɗe baki ba. An bar jaki ana dukan taiki a kan idonta. Wannan ba tausayi ba ne, son zuciya ne: ta zaɓi daɗin da za ta ji in yarinya ta yi mata murmushi a kan wahalar da yarinyar za ta sha cikin dare.

Abin ya fi ciwo da yake a Madabo muke. Unguwar da ta yi suna da masallacin Wangarawa da zauren Babban Malami, inda aka gaji karatun littafin Muhtasar kaka da kakanni, inda ɗalibi zai daɗe a babin tsarki yana bambance ruwan da ya halatta a yi alwala da shi da wanda bai halatta ba. Mutanen da suka iya wannan tsantseni ba za su ce ware rariya ɗaya da muciya ɗaya ya gagare su ba. Alkama halal ce, ni'ima ce, ba wanda ya ce ƙazanta ce. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa cutar da mutum haramun ne, ƙarya haramun ce, zargin wanda bai yi laifi ba zalunci ne. Mai ɓoye fulawa a tukunya ta haɗa ukun a cokali ɗaya.

Masu sana'ar abinci, ku ma ku ji. Mai tsire da ke yanka gurasa da nama a kan katako ɗaya da wuƙa ɗaya, mai shayi da ke fasa ƙwai a kaskon da ya sauke taliya, mai ƙosai da ke tsoma ƙullu a man da ta gama suyar fanke, mai waina ko ɗanwake da ke ƙara fulawa don auki, mai awo da ke cusa kwano ɗaya a buhun alkama da na gero: ba wanda ya ce ku sauya sana'arku. Abu ɗaya ake nema, in an tambaye ku ku faɗi gaskiya. “Akwai fulawa a ciki” ba ta rage wa kowa arziki. “Ban sani ba” ma amsa ce ta mutunci. Amma ka rantse babu don kada cinikin kwano ɗaya ya wuce ka, ka sani kuɗin asibitin da za a kashe da daren da za a raya suna wuyanka.

Shi ma mai ciwon da iyayensa ba su tsira daga faɗan nan ba. Da yawa kunya ce ke kwantar da su. A gidan suna ko wurin buɗa-baki an ajiye tire, hannun da ya yagi gurasa shi ke komawa cikin miya, mutum na gani amma ya sa hannu don kada a ce yana da iyayi. In maƙwabta sun aiko da kwano a ci ba tambaya, wai kada a ɓata zumunci. Zumuncin da tambaya ɗaya za ta rusa tun asali ba shi da tushe. Ka tambaya, ka sake tambaya, in ba ka gamsu ba ka yi godiya ka janye hannu.

In kuma ciwo ya tashi, a daina zaman “ko mene ne, ko wane ne”. A bi sawu. A rubuta abin da aka ci, wa ya dafa, ina aka niƙa, da wane mai aka soya, da wace rariya aka tankaɗe. A koma baya kwana biyu ko uku, domin wani cikin sa'o'i yake jin abin, wani sai washegari ko jibi. A tambayi abin da ya sauya a gidan: sabon mai niƙa, sabon garin yaji, sabon garin kunu, sabon magani. Kayan leda da na gwangwani, irin su dunƙulen ɗanɗanon miya, kayan shayi da lemon malt, a sa mai karatu ya duba jerin abin da aka haɗa su da shi, ko akwai alkama ko sha'ir. A cire abin zargi ɗaya-ɗaya don a san wanne ne. Kada kuma wani ya kafa hujja da “rannan ya ci bai yi komai ba”, domin akwai masu ciwon da hanjinsu ke lalacewa ba tare da sun ji ko murɗawar ciki ba. Haka nan ba kowace gudawa ce ta alkama ba. Madara kan dami hanjin da bai gama warkewa ba, ga tsutsar ciki, ga gurɓataccen ruwa. In an bi sawu ba a ga komai ba, a koma wurin likitocin ciki da hanji a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, gwajin jini kan nuna ko gulutin na ci gaba da shiga. Wanda kuma yake zargin yana da ciwon, kada ya yanke wa kansa hukunci ya bar alkama kafin gwaji, don in ya bari gwajin zai iya fitowa babu alhali akwai.

Ba mu da uzurin tsada. A Turai da Amurka masu wannan ciwo kuɗi suke zubawa su sayi abinci na musamman, mu kuwa gero, dawa, masara, shinkafa, acca, wake, rogo, doya, dankali da gyaɗa duk babu gulutin a cikinsu, ga su jibge a Dawanau da Kasuwar Rimi. Tuwon dawa da miyar kuka, fura, kunun tsamiya, dambun masara, alale, duk nasa ne in an tsabtace hanya. Abin da ake buƙata a tsince tsaba a wanke, a niƙa ta inda alkama ba ta bi ba, a ware masa rariya da muciya da mazubi, a ɗebar masa nasa kafin hannuwa su shiga.

Iyayenmu mata, gwaggonni da kakanni, matan gida da masu sana'a, ku ji tsoron Allah a kan cikin da aka ba ku amana. In kun zuba ku ce kun zuba, tun kafin a kai loma baki. In kun manta har aka ci, ku faɗa da wuri, a huta da zargin bayin Allah. Wanda ya san an hana, ya bayar, ya kuma ɓoye, shi ne sanadin ciwon, kuma sai ya amsa tambaya a kansa.