Birmingham: Haƙƙin Ma'aikaci Bashi Ne, Ko An Jinkirta Sai An Biya

A ranar 31 ga Maris 2025 majalisar birnin Birmingham, birni na biyu mafi girma a Ingila, ta ayyana halin gaggawa saboda shara. Kimanin tan 17,000 ne suka taru a tituna, bayan masu kwashe shara sun tsunduma yajin aiki gaba ɗaya tun 11 ga watan. Buhunan leda sun yi tsibi a bakin ƙofofi, ɓeraye suna kai da kawowa, mazauna unguwannin talakawa suna toshe hanci. Wanda ya ga hotunan kaɗai zai iya ɗora laifin a kan ma'aikata. Amma tushen al'amarin ya girmi yajin aikin nesa ba kusa ba, kuma yana ɗauke da darasi ga duk wata hukumar da aka damƙa wa amanar gari.

Abin takaici shi ne, wannan birni ne ya taɓa koya wa sauran biranen Birtaniya yadda ake riƙon gari. Joseph Chamberlain ya zama magajin gari a 1873, a lokacin da jama'a da yawa ke shan ruwan rijiyoyin da ƙazanta ta gurɓata, cututtuka kuma na ɗauke yara. A 1875 majalisa ta sayi kamfanonin iskar gas biyu da ke haskaka birnin, a 1876 ta karɓi kamfanin ruwa. Ra'ayin Chamberlain shi ne gas ya kawo riba, ruwa kuwa kada a nemi riba da shi, domin lafiyar jama'a ce. Da kuɗin gas aka gina gidan tarihi da zane-zane na birnin, wanda aka buɗe a 1885 a saman ofisoshin sashen gas ɗin. A 1904 aka fara kawo ruwa daga kwarin Elan da ke Wales, tafiyar kilomita 117, yana gangarowa da kansa ba tare da famfo ba. A 1920 kuma majalisa ta tallafa aka kafa ƙungiyar kaɗe-kaɗe ta birnin. Shugabannin wancan zamani sun ɗauki ruwa da haske da fasaha a matsayin tsintsiya mai maɗauri ɗaya.

Ko su ma ba su tsira daga kuskure ba. Lokacin da aka rushe unguwannin cunkoso don a shimfiɗa babban titin Corporation, dubban talakawa sun rasa muhalli, majalisa kuma ba ta gina musu wasu gidaje ba sai bayan fiye da shekara goma, kuma ƴan kaɗan. Wannan ɗabi'a ta ƙawata tsakiyar gari da mantawa da masu rauni ita ce ta sake dawowa da sabuwar riga.

Shekaru da dama majalisar tana biyan ma'aikatanta da mudu biyu. Masu kwashe shara da masu share titi da masu haƙa kabari, waɗanda akasarinsu maza ne, suna samun ƙarin kuɗi a kan albashi. Masu dafa abinci a makarantu da masu goge-goge da masu kula da tsofaffi, waɗanda akasarinsu mata ne, ba sa samu, alhali matsayinsu ɗaya a tsarin aiki. Matan suka kai ƙara. A 2012 Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta ba tsofaffin ma'aikata fiye da 170 damar neman haƙƙinsu, ko da sun daɗe da barin aiki. Daga nan ƙofa ta buɗe. Majalisa ta biya fiye da fam biliyan 1 cikin kimanin shekara goma, har ta sayar da babbar cibiyar baje kolinta ta NEC a 2015. A watan Yuni 2023 ta sanar da ƙiyasin cewa akwai sauran bashin da zai iya kaiwa fam miliyan 760. Ranar 5 ga Satumba na shekarar ta bayyana cewa ba za ta iya daidaita kasafin kuɗinta ba, gwamnatin Landan kuma ta turo wakilai su sa ido a kan harkokinta.

Ya kamata a yi adalci a nan. Matan da suka kai ƙara ba su ne suka karya birnin ba. Guminsu suka nema, kuma tun 1970 aka kafa dokar da ta hana bambancin albashi tsakanin mace da namiji. Kuɗin da aka hana su bashi ne da majalisa ta ci ba tare da ta rubuta a littafinta ba. Haka kuma akwai wasu dalilai: tun 2010 gwamnatin tsakiya ta riƙa zaftare abin da take ba ƙananan hukumomi, sannan sabuwar manhajar lissafi ta kamfanin Oracle, wadda aka kimanta za ta ci fam miliyan 19, ta doshi fam miliyan 100 ba tare da ta yi aiki yadda ake so ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

To, wa ya ɗauki nauyin? A kasafin 2024 majalisa ta tsara rage kashe kuɗi da kimanin fam miliyan 300 cikin shekara biyu, ta ƙara harajin gidaje da kusan kashi 10 cikin 100 a shekarar farko. Ta raba tallafin da take ba ƙungiyar kaɗe-kaɗe da gidan wasan kwaikwayo na Rep da ƙungiyar rawa ta birnin gida biyu, da niyyar janye shi gaba ɗaya a shekara ta biyu. Masu kare wannan mataki suna da hujja: doka ta tilasta wa majalisa kula da yara marasa galihu da tsofaffi da iyalan da suka rasa muhalli, ba ta tilasta mata biyan makaɗa ba. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai lissafi bai goyi bayanta sosai ba. Abin da ƙungiyar kaɗe-kaɗen ke karɓa bai kai fam miliyan 1 a shekara ba. An tsinke igiyar da ta haura shekara 100 domin a tsimi abin da bai wuce ɗigon ruwa a randa ba. Mai kuɗi zai hau jirgin ƙasa ya je Landan kallo. Yaron unguwar Aston ko Sparkbrook, wanda ta hanyar makaranta kaɗai yake shiga irin waɗannan wurare, shi ne aka rufe wa ƙofa.

Batun muhalli ya fi ban tausayi. Tun 1977 doka ta ɗora wa majalisu samar wa iyalai marasa gida wurin zama, amma tun 1980 wata dokar ta ba masu haya damar sayen gidajen majalisa da rangwame, ba a kuma maye gurbin abin da aka sayar ba. Sakamakon haka majalisa ke biyan otal-otal kuɗi masu yawa don ta cusa iyali guda a ɗaki ɗaya. Ana cikin haka, gidaje kusan 1,000 da aka gina a Perry Barr da sunan masaukin ƴan wasan Commonwealth na 2022 suka daɗe babu kowa a ciki, daga baya aka yanke shawarar sayar da mafi yawansu a kan asara. Watan Maris 2020 ya nuna cewa abin ba gagara ya yi ba: da annobar korona ta shigo, cikin ƴan kwanaki majalisun Ingila suka kwashe dubban masu kwana a titi suka ba su ɗakuna.

Yajin aikin shara ma reshe ne na wannan bishiya. Majalisa ta soke wani muƙami a cikin ayarin motocin shara, ƙungiyar ƙwadago ta Unite ta ce wasu za su rasa har fam 8,000 a shekara, majalisa ta musanta adadin, tana mai cewa barin muƙamin zai jawo sababbin ƙararraki na bambancin albashi. Wato rashin adalcin da aka yi wa mata jiya shi ne ake son gyarawa yau da rage abincin maza, sharar kuma ta tsaya a ƙofar talaka.

Hukumar da ke son kauce wa wannan rami tana da aiki bayyananne: ta auna ayyukan ma'aikatanta da mudu ɗaya tun kafin kotu ta tilasta mata, ta gina gidan haya kafin ta gina abin nuna wa baƙi, ta kuma bar ɗan abin da ke riƙe da laburare da dandalin wasa. Ruwan Elan yana zuwa Birmingham har yau, domin waɗanda suka haƙa hanyarsa sun biya kuɗin aikin a lokacinsa.