Hoton Argungu ba zai wakilci kifin Anacha ba

Tun da aka kafa Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa a watan Agustan 2023, aka kuma mayar da sashen kula da kifi ƙarƙashinta daga Ma'aikatar Noma, rubuce-rubuce kan sana'ar su sun yawaita a mujallun intanet da shafukan hukumomi. Mafi yawansu daga ofisoshin Abuja suke fitowa, daga hannun jami'an yaɗa labarai da mataimaka na musamman, waɗanda aikinsu shi ne su tace rubutu, su zaɓi hoto, su rubuta bayanin da ke ƙarƙashinsa, sannan su ɗora. Mai bibiyar waɗannan shafuka ba zai daɗe ba zai lura cewa hotuna biyu ne ke kai da komo: masunta da ƙwarya da koma a bikin Argungu, ko kuma tarwaɗa a kududdufin siminti. In an rasa waɗannan, sai a ɗauko hoton wata ƙasa daga intanet a liƙa.

Bikin Argungu ya cancanci yabo. Tun 1934 ake yin sa, kuma hukumar UNESCO ta saka shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Sai dai biki ne na 'yan kwanaki, alhali cinikin kifi na kowace safiya ne. Wanda ke son ganin wannan ciniki sai ya bi bandar da ake lodi daga Baga da Maiduguri da Yawuri har zuwa inda ake sauke ta: kasuwar Ose da ke bakin Kogin Kwara a Anacha, da kasuwar Ogbete a Inugu, da kasuwannin Fatakwal irin su Mile 1 da Creek Road. A can ne fatake da dillalai da 'yan dako Hausawa ke hulɗa da 'yan kasuwar Ibo da Ijo da Ikwerre, kuma a can ne busasshen kifin Tafkin Chadi ya sami sunan da masu miya ke kiran sa da shi, wato mangala. Zaman 'yan Arewa a waɗannan garuruwa ba na jiya ba ne, domin a shekarun 1950 Malam Umaru Altine ya riƙe kujerar magajin garin Inugu. Duk da haka, da wuya a ga fuskar waɗannan mutane a mujallar da ke cewa tana ba da labarin kifin Nijeriya.

Wani zai ce ai hoto ado ne kawai, rubutu shi ne magana. A aikin gwamnati ba haka abin yake ba. Abin da aka wallafa yau shi ne mataimakin minista zai kwafa gobe cikin jawabi, shi ne kuma zai shiga takardar da za a gabatar wa kwamitin majalisa a lokacin kare kasafi. Alƙaluman da hukumomi suka saba ambata sun nuna ƙasar na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuwa bai wuce sulusin haka da yawa ba, kuma kaso mafi girma na abin da ake samarwa daga ƙananan masunta yake fitowa. Idan hoton da mai tsara manufa ke gani kullum na kududdufi ne, to tallafi kududdufi zai nufa. Mai banda da ke asarar kwali-kwali saboda ƙwari da laima, ko direban da ya kwana a hanya saboda zaman gida na ranar Litinin da aka fara a Kudu maso Gabas a watan Agustan 2021, babu mai tunawa da su.

Ƙasar nan ta taɓa ɗanɗana kuɗar sakaci da takarda a wannan fanni. A watan Maris na 2018 Amurka ta rufe ƙofa ga tarwaɗar Nijeriya, har da mai banda, saboda ba a gabatar da cikakkun bayanan da hukumar duba abinci ta can ta nema ba. Laifin daga teburin ofis ya taso, masu kiwo da masu banda ne suka biya.

Saboda haka akwai ƙa'idojin da ya kamata duk mai shirya rubutu da hoto ya riƙe kafin ya ɗora. Kowane hoto ya zo da wuri da rana da sunan wanda ya ɗauka. A kira kifi da sunansa: tarwaɗa daban, karfasa daban, giwan ruwa da ragon ruwa da kurungu da gaiwa kowanne da kamanninsa da farashinsa. Edita da ya rubuta "kifi" kawai a ƙarƙashin hoto ya zubar da rabin labarin. Inda aka yi shakka, Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi da ke Sabuwar Bussa a Jihar Neja tana da masanan da za a tuntuɓa. Haka nan a nemi wakili ya turo hoto a matsayin fayil, domin WhatsApp yana rage ingancin hoton da aka tura kai tsaye, yana kuma goge bayanan ranar da na'ura ta ajiye a cikinsa.

Sai batun izini, wanda ya fi komai nauyi a waɗannan unguwanni. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta kare mai ɗaukar hoto, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta kare wanda aka ɗauka. Bayan doka akwai tsaron lafiya. Ɗan kasuwar Arewa da ke zaune a Anacha ko Oyigbo yana zaune ne a wurin da jita-jita ɗaya kan iya tayar da hankali. Idan aka ɗauki hoton rumfarsa aka liƙa a kan rubutun da ke magana kan masu fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari irin su Sniper, ba tare da wata hujja a kansa ba, an ɓata masa suna, an kuma jefa maƙwabtansa cikin haɗari. Matsalar maganin ƙwari gaskiya ce, hukumar NAFDAC ma ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwa a 2019, kuma wajibi ne a rubuta a kanta. Amma hoton da zai raka irin wannan rubutu dole ya zama na abin da aka tabbatar, a wurin da aka tabbatar.

Uzurin da za a kawo sananne ne: babu kuɗin tura wakili daga Abuja, kuma oga yana son rubutu ya fita kafin azahar. Uzurin bai da ƙarfi. Gwamnatin tarayya na da sakatariya da ma'aikata a Fatakwal da Inugu da Awka. Kowane zango yana da Sarkin Hausawa, kowace kasuwa tana da shugabannin ƙungiya, kuma matasan da ke riƙe da wayar da za ta iya ɗaukar hoto mai kyau ba su ƙirguwa. Abin da ake buƙata shi ne takarda mai shafi ɗaya da ta jera abin da ake so tare da kowane hoto, da ɗan ladan da za a biya mai ɗauka a kan lokaci, da edita mai ƙarfin halin mayar da hoton da bai cika sharaɗi ba, ko da daga ofishin babba ya fito.

Darektocin yaɗa labarai a ma'aikatu ne ke da ikon mayar da wannan ƙa'ida ta dindindin, kuma takardar umarni ɗaya ta wadatar. Kafin ta fito, ma'aikacin da ke zaune gaban kwamfuta yana iya farawa da kansa: ya tambayi inda aka ɗauki hoton, da ranar da aka ɗauka, da ko mai rumfar ya yarda, kafin ya ɗora.