FILIN MASU MOTA: Injin turbo da asubahin hunturu

Sanyin hunturu ya sauka, da saukarsa kuma tsohuwar gardamar nan ta sake tashi a majalisun masu mota, tun daga Yamai har Damagaram. Duk wanda ya ratsa unguwannin ma'aikata bayan sallar asuba zai ji ƙugin motoci daga cikin gidaje: maigadi ko yaron gida ya karɓi makulli, ya tada inji, yana ta danna totur har ƙasa, wai ɗumama mota yake yi kafin maigida ya gama karin kumallo. A ɗaya gefen kuma ga ɗan kasuwa mai gaggawa, wanda kafin fitilun tablo su gama mutuwa ya riga ya hau gudron yana neman bitas na huɗu, don kada kasuwa ta ci ba da shi ba. Kowane ɓangare yana ganin ɗayan ne maɓarnaci. Alhali kuwa idan motar mai turbo ce, dukansu biyu cutarta suke yi, kuma na farkon ya fi ɓarna, domin ya ƙone mai, ya kuma wahalar da inji.

Al'adar ɗumama mota tana da asali, ba da ka aka ƙirƙiro ta ba. Ta samo tushe ne daga zamanin Peugeot 404 da ta fito a 1960, da 504 da ta biyo baya a 1968, motocin da suka daɗe suna mulkin hanyoyin ƙasar nan, ballantana bayan da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Waɗannan motoci da karbireta suke aiki, kuma karbireta ba ta iya haɗa mai da iska yadda ya kamata muddin inji yana da sanyi. Dole direba ya ja maɓallin ƙara mai, ya jira, in ba haka ba motar ta mutu masa a bakin ƙofa. Direbobin da suka koyi sana'a a wancan lokaci sun koyar da yaransu, yaran suka koyar da nasu, har abin ya zama kamar farilla. To amma injin ya sake, darasin bai sake ba. Motar yau kwamfuta ce ke auna mata mai, tana sanin zafin ruwa da na iska tun daga juyin farko, ba ta bukatar jiran da 404 take bukata.

Shi turbo, ga wanda bai taɓa ganin an buɗe shi ba, farfela biyu ne a kan sandar ƙarfe guda. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke cusa iska da ƙarfi cikin inji. Iska mai yawa tana ƙona mai mai yawa, sai ƙaramin inji ya ba da ƙarfin babba. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwis, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar a 1905, amma sai a 1962 ta shiga ƙananan motoci a Amurka. Mercedes ta sa ta a motar gazuwal a 1978, Peugeot 604 ta biyo a 1979. Daga baya dokokin rage hayaƙi a Turai suka tura masu ƙera motoci ga ƙananan injuna masu turbo, shi ya sa da wuya a sami motar gazuwal ta zamani, cikin tsofaffin motocin Turai da ake shigowa da su, wadda ba ta da shi. Haka ma Hilux mai injin D-4D da ƴan kasuwa da ma'aikatu suka runguma. Sai dai a lura, ba kowace babbar mota ce ke da turbo ba: Land Cruiser mai injin 1HZ na lita 4,2, wadda ta cika hanyoyin daji, ba ta da shi, kuma haƙurinta ne ya sa wasu ke zaton kowace mota za ta jure abin da take jurewa.

Abin da ya kamata mai mota ya riƙe shi ne saurin wannan sanda. Injin mota yana juyi 2.000 ko 3.000 a minti ɗaya a tafiyar yau da kullum. Sandar turbo kuwa tana iya kaiwa juyi 200.000 a minti, wato fiye da juyi 3.000 a daƙiƙa guda. A yawancin motoci ba a kan ƙwallayen ƙarfe take juyawa ba, a kan baƙin mai take yawo, wanda makanikai ke kira luwul, cikin wani ɗan tsukin da bai kai kaurin gashin kai ba. Muddin man yana nan, ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe. Da dare kuwa, sa'ad da mota ke ajiye, man yana gangarawa ƙasan inji, ya yi sanyi, ya yi kauri. Luwul mai lamba 15W-40, kaurinsa da asubahin hunturu ya ninka na lokacin da inji ya ɗauki zafi fiye da sau 20. Idan an tada inji, famfon mai yana bukatar ƴan daƙiƙoƙi kafin ya tura shi ta siririn bututun da ke kaiwa ga turbo. A cikin waɗannan daƙiƙoƙi ne yaron gida ke danna totur. Hayaƙi ya taso da ƙarfi, farfela ta ɗauki gudu, mai bai iso ba. Ba a ranar turbo ke mutuwa ba, kuma wannan ne ke ruɗin mutane: kowace safiya ɗan abu kaɗan ke cinyewa, sai bayan shekara ɗaya ko biyu a ji fito kamar na jiniya, a ga shuɗin hayaƙi, a ce motar Turai ba ta da ƙwari.

Wanda ya bar mota tana ralanti minti 20 ko 30 ba tare da taɓa totur ba, laifinsa ya fi sauƙi, amma shi ma bai kuɓuta ba. Injin da ba ya jan kaya ba ya ɗaukar zafi da wuri, musamman na gazuwal, wanda zai iya yin rabin awa a tsaye allurar zafi ba ta motsa ba. Duk tsawon lokacin da inji ya yi cikin sanyi, mai ba ya ƙonewa sarai. Wani sashe yana zurara ta gefen fistin ya gauraya da luwul ya tsinka shi, wani kuma ya zama baƙin toka. Motocin gazuwal na Turai na bayan 2009 kusan duka suna da matatar toka a bututun hayaƙi, wadda Peugeot ta fara sawa a 607 a shekarar 2000, kuma ba abin da ke toshe ta kamar doguwar ralanti da gajeren zuwa. Ga kuma lissafin aljihu: minti 20 kowace safiya ya haura awa 120 a shekara, kuma injin Hilux a tsaye yana shan abin da ya kusa lita ɗaya a awa. Kusan lita 100 ke nan aka ƙone mota ba ta tafi ko taku ɗaya ba. Idan motar ma'aikata ce, baitulmali ne ya biya. A ƙasar Jamus, inda ƙanƙara ke rufe motoci, doka ma ta hana a bar inji yana aiki ba dalili.

Hanyar da ta dace ba ta da wuya. A murɗa makulli zuwa kontak, idan motar gazuwal ce a jira fitilar ɗumama buji ta mutu, sannan a tada inji ƙafa ba ta kan totur. A duba fitilar luwul ta mutu. A ba shi rabin minti zuwa minti ɗaya, gwargwadon lokacin da mutum zai gyara madubi ya ɗaura bel, sai a tashi a hankali. Minti 10 zuwa 15 na farko kada a wuce juyi 2.000 a motar gazuwal, ko 2.500 zuwa 3.000 a ta fetur, kada a danna totur har ƙasa, kada kuma a sa babban bitas ana tafiyar hawainiya har inji ya riƙa kakkarwa, domin wannan ma nauyi ne. Tafiya mai sauƙi tana ɗumama inji da sauri fiye da tsayuwa, tana kuma ɗumama akwatin bitas, wanda ralanti ba ta yi masa wani abin kirki. Motar da ta yi makonni a ajiye, ko wadda aka yi wa bidanji yanzu, ita ce ta cancanci ƙarin minti ɗaya ko biyu.

Akwai wani tarko a nan da direbobi da yawa ke faɗawa. Allurar da ke tablo zafin ruwa take nunawa, ba na luwul ba, kuma ruwa yana rigan mai ɗaukar zafi. Idan allura ta kai tsakiya, wajen digiri 90, luwul yana bukatar wasu mintoci kafin ya cim mata. Wanda ya fito daga Maraɗi da asuba ya nufi Tasawa, gara ya bar gari a baya da ƴan kilomitoci kafin ya saki mota.

Sanyin ƙasar nan dai ba na Turai ba ne. A watan Janairu, asubahin Maraɗi, Tawa da Damagaram yakan sauka tsakanin digiri 12 da 16, sai can arewa, wajen Bilma, inda aka taɓa ganin ƙasa da sifiri. Babu luwul na kirki da irin wannan sanyi zai daskarar. Haɗarin yana wajen zaɓin mai. An saba cewa ƙasa mai zafi sai mai mai kauri, sai a zuba 20W-50 a injin da littafinsa ya ce 5W-30. Lambar da ke gaban harafin W ita ke nuna yadda mai ke gudu cikin sanyi. Ƙanƙantarta, saurin isarsa ga turbo da safe. Littafin mota ya fi majalisa sanin abin da injin ke so. Luwul ɗin da ake aunawa a kwalba a bakin hanya kuwa, wanda ba a san asalinsa ba, arha ce da ba ta ado. Ƙurar hunturu ita ma tana da nata rabon: matatar iska da ta yage, ko aka kaɗe ta har ta huje, tana barin yashi ya shiga farfelar da ke gudun nan, ya ci bakinta kamar an goga mata magagari.

Sauran magana tana wajen kashe inji, kuma a ƙasa mai zafi tana iya fin ta tadawa muhimmanci. Bayan doguwar tafiya, kamar kilomita fiye da 600 da ke tsakanin Yamai da Maraɗi, hayaƙin da ke ratsa turbo yana kaiwa digiri 700 zuwa 800 a injin gazuwal, ya doshi 1.000 a na fetur. Idan direba ya sauka daga gudron ya tsaya a Dogon Dutsi ko Birnin Ƙonni ya kashe inji nan take, famfon mai ya tsaya, ɗan man da ya rage a jikin sanda ya toye ya zama gawayi, gawayin kuma ya toshe hanyar da mai zai bi gobe da safe. Wasu sababbin motoci suna da famfon lantarki da ke ci gaba da zagaya ruwa bayan an kashe su, amma mai tsohuwar mota bai kamata ya dogara da abin da bai tabbatar yana aiki ba. Minti ɗaya ko biyu na ralanti ya isa. Wanda kuma ya yi kilomitocin ƙarshe a hankali cikin gari ya riga ya biya wannan bashi. Danna totur kafin a kashe mota, wata gadon zamanin karbireta, yana barin farfela tana gudu bayan mai ya yanke, don haka direban motar turbo ya kamata ya bar shi gaba ɗaya.